Yadda na haɗa ƙaramin samfurin tankar Tiger ta Jamus, daga yin oda har zuwa fenti

Wanda duk ya yi niyyar haɗa ƙaramin samfurin tankar yaƙin Jamus ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, musamman idan yana zaune a gari irin Kano inda ba a cika samun shagon da ya keɓanta da irin waɗannan kaya ba, zai tarar cewa manna roba da roba shi ne mafi sauƙin abin da ke gabansa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne sanin abin da zan saya, da yadda zai iso hannuna, da kuma wane aiki ne ke gaban wane. Saboda haka na ga ya dace in bayyana yadda aikin ya gudana a wurina bi da bi, domin mai sha'awa ya huta da ruɗanin da na sha.

Na zaɓi tankar da ake kira Tiger I, wadda kamfanin Henschel ya ƙera a birnin Kassel tsakanin watan Agustan 1942 da watan Agustan 1944, kuma adadin da aka ƙera gaba ɗaya bai wuce kimanin 1,350 ba. Nauyinta ya haura tan 50, sulken gabanta kaurin milimita 100 ne, igwarta mai faɗin baki milimita 88 ce, kuma mutum biyar ne ke aiki a cikinta. Da na fara duba kasuwannin intanet, sai na ga akwatuna barkatai duk an rubuta musu Tiger I, amma hotunan da ke jikinsu ba iri ɗaya ba ne: wata toka-toka, wata ruwan ƙasa, wata jikinta sumul, wata kuma jikinta da zane-zane kamar an yi mata yaɓe. A nan ne na tsaya na koma ga karatu, na fahimci cewa tankar ta riƙa sauyawa a cikin shekara biyun da aka yi ana ƙera ta. Waɗanda aka fara fitarwa suna da ƙafafu masu bakin roba, da doguwar leƙar kwamanda mai siffar ganga, wato wurin da yake leƙo waje a saman tankar, da manyan matatun iska guda biyu da ake kira Feifel a bayansu. Waɗanda aka yi daga farkon 1944 kuwa bakin ƙafafunsu na ƙarfe ne. Shi kuma yaɓen nan mai zane, wanda sunansa Zimmerit, an fara shafa shi ne a rabi na biyu na 1943 don hana nakiya mai maganaɗisu mannewa a jikin sulke, aka daina a watan Satumban 1944. Launi ma haka: toka mai duhu ita ce ta farkon yaƙi, daga watan Fabrairun 1943 aka koma rawaya mai duhu a matsayin fentin ƙasa. Ma'anar wannan duka ita ce, mutum ba zai iya cewa Tiger kawai yake haɗawa ba. Dole ne ya tsayar da wace tanka, ta wace runduna, a wane wata, kafin ya kashe ko kobo.

Ni na tsaya ga tankar da ke ɗauke da lamba 131, ta bataliyar manyan tankoki ta 504, wadda sojojin Birtaniya suka kama a Tunisiya a ƙarshen watan Afrilun 1943, makonni kaɗan kafin dakarun Jamus da Italiya su miƙa wuya a can a watan Mayu. Dalilina biyu ne. Na farko, a nahiyarmu aka yi wannan yaƙi. Na biyu, tankar tana nan har yau a gidan tarihin tankoki na Bovington da ke kudancin Ingila, kuma ita kaɗai ce irinta da har yanzu ake iya tayar da injinta ta yi tafiya, don haka hotunanta daga kowace kusurwa suna nan birjik. Sai dai akwai abin lura: tankar da ke gidan tarihi an yi mata gyare-gyare, har injin da ke cikinta yanzu ba shi ne wanda ta zo da shi ba, saboda haka na riƙa gwada hotunan yau da waɗanda aka ɗauka a 1943 jim kaɗan bayan an kama ta, kuma duk inda suka saɓa, tsohon hoto nake bi.

Daga nan sai batun saye. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a wannan fanni shi ne 1:35, wato kowane santimita ɗaya a jikin samfuri yana wakiltar 35 a jikin tanka ta gaske, kuma kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan ne ya yi fice wajen yaɗa shi. Tankar da tsawonta har da bututun igwa ya kai kusan mita takwas da rabi takan koma kimanin santimita 24, girman da ke zama a kan tebur ba tare da ƙananan sassanta sun gagari ido ba. Na sayi akwatin Tamiya na Tiger ƙirar farko a kan abin da bai kai dala hamsin ba, amma kuɗin aikowa ya kusan kama kuɗin kayan, wanda ya sa na haɗa duk busassun kayan da nake buƙata a oda guda: bututun igwa na alminiyam, da siraran farantan tagulla masu ragar rufe injin, da sarƙar ƙafa ta ƙarfe mai gaɓa-gaɓa. Katin banki na naira bai yi mini aiki a shafin ba a lokacin, sai da na nemi katin dala. Na kuma roƙi mai sayarwa ya rubuta a takardar kwastam cewa kayan wasa ne na roba wanda ba a haɗa ba, tare da ainihin farashinsa, kuma wannan ya taimaka ƙwarai. Jiran ya ɗauki makonni, lambar bin sawun kaya ta tsaya cik na wani lokaci bayan kunshin ya shigo ƙasa, har raina ya fara ɓaci, daga baya aka kira ni. Na je da katin shaida da rasit ɗin saye da na buga a takarda, aka buɗe kunshin a gabana, jami'in ya ga hoton tanka ya yi tambaya, na nuna masa sassan roba da littafin umarni, na biya abin da aka yanka mini, aka ba ni rasit.

Abin da bai zo a wannan kunshi ba shi ne gam da tina da fentin gwangwani na fesawa, domin ba a ɗaukar ruwa mai kama wuta a jirgin sama, kuma yawancin masu sayarwa sukan soke irin wannan oda da kansu. Wannan shi ne wurin da sabon shiga zai fi jin takaici, don ga kaya a hannu amma babu abin manna su. Gam ɗin roba na wannan aiki ba kamar sufa gulu yake ba: ruwa ne tsararo wanda ke narkar da fuskar roba kaɗan har ɓangarori biyu su zama abu ɗaya. Na same shi daga wani ɗan kasuwa a Legas da ke shigo da kayan zane ta ruwa, ya aiko mini ta mota. Fenti kuwa na zaɓi mai narkewa da ruwa, wato akirilik, wanda ake yarda a aiko ta sama kuma ba shi da wari mai tsanani. Sauran kayan aiki duk a gida na same su: wuƙar reza mai siririn baki daga shagon kayan makaranta, hantsaki daga kemis, ƙaramar fulaya mai yanka daga masu gyaran waya, sanfefa mai laushi da foti daga masu fentin mota, da fentin mai na masu zane. Mafi tsada a cikin duka shi ne ƙaramin injin fesa fenti da kwampresonsa, waɗanda kuɗinsu ya zarce na akwatin tankar, amma sau ɗaya ake sayensu.

Kafin in yanka komai, na wanke sassan da ruwa da ɗan sabulun wanke-wanke don cire maiƙon mazubi, na karanta littafin umarni daga farko har ƙarshe da fensir a hannu, ina sa alama a duk wurin da tankata ta bambanta da zaɓin da aka bayar. Na fara da ƙasan jiki da hannayen da ke riƙe ƙafafu, kuma a nan dole ne a ɗora jikin a kan gilashi ko wani abu shimfiɗaɗɗe kafin gam ya bushe, a tabbatar kowane hannu ya taɓa ƙasa, in ba haka ba tankar za ta zauna da ƙafa a sama. Sai ƙafafun kansu, waɗanda su ne aikin da ya fi cin rai. Tiger ƙirar farko tana da ƙafafu 24 a kowane gefe, 48 ke nan, suna shiga tsakanin juna layi bayan layi. Injiniyoyin Jamus sun yi haka ne don su raba nauyin tankar, ko da yake tsarin ya wahalar da sojojinsu, domin idan ƙafar ciki ta lalace sai an cire na waje da yawa kafin a kai gare ta, kuma a Rasha taɓo yakan daskare a tsakaninsu. Wahalar nan ita ce ke jiran mai haɗa samfuri. Kowace ƙafa sai an kankare layin mazubi a bakinta, kuma shawarata mai ƙarfi ita ce kada a manna ko ɗaya a wannan mataki. Na soke kowace a tsinken sakace, na jera su a kan kwali bisa layinsu, na rubuta lambar layi a gefe, domin da zarar an manna na waje, buroshi ba zai sake isa ga na ciki ba.

Sarƙar ƙafa ta ɗauki darare da dama. Ta gaske tana da gaɓoɓi 96 a kowane gefe, faɗinta na fagen yaƙi milimita 725, wanda a samfuri ya koma kimanin santimita biyu. Kowace gaɓa ta ƙarfe sai an bi ramin ta da siririn abin huda, sannan a zura waya a ɗiga sufa gulu a bakin. Aikin na maimaici ne, amma ribarsa a bayyane take, domin sarƙar Tiger ba ta da ƙananan ƙafafun da ke tallafe ta daga sama, tana kwanciya ne a kan manyan ƙafafu, kuma nauyin ƙarfe ne kawai ke ba da wannan kwanciya yadda take a hoto. Na bar gaɓoɓi biyu na ƙarshe a buɗe har sai da na gwada tsawon a jikin tankar, saboda adadin da ke dacewa a samfuri yakan bambanta da na gaske da gaɓa ɗaya ko biyu.

Saman jiki da hasumiyar igwa sun tafi da sauri. Na cike ƴar tsagar da ke tsakanin rabi biyun hasumiya da foti, na goge da sanfefa, na sa bututun alminiyam. Ragar tagulla ba ta jin gam ɗin roba, sai sufa gulu, kuma kaɗan ake ɗebowa da bakin allura, domin idan ya yi yawa yakan toshe idanun ragar. Na haɗa matatun Feifel da tiyoyinsu, da bututun harba hayaƙin ɓuya uku-uku da ke gefen hasumiya, amma shebur da gatari da guduma da igiyoyin ja na ajiye su gefe don in yi musu fenti daban. Daga nan na zo wurin da na fi jin daɗinsa a aikin gaba ɗaya, wato tabon harsashi. Abin da ya tsayar da wannan tanka shi ne harsashin wata tankar Churchill ta Birtaniya wanda ya goga ƙasan bututun igwa ya shige ya maƙale a mahaɗar hasumiya da jiki, har hasumiyar ta kasa juyawa, mutanen ciki suka fice suka bar ta. Akwai kuma wani tabo a ƙugiyar ɗaga hasumiya. Na sassaƙa waɗannan da bakin reza da ƙaramin magogi, ina kallon hoto ina taɓawa kaɗan-kaɗan, kuma ban ƙara ko tabo ɗaya da babu shi a hoto ba. Na ga samfura da yawa da aka cika da ramukan harsashi don su burge mai kallo, kuma a ganina wannan yana rage musu daraja, tun da abin da ake nema shi ne kamanni da abin da ya faru.

Fenti shi ne matakin da yanayin garinmu ya shiga aikin. Na kai wannan mataki a cikin hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙarau kuma ƙura ke shiga ko ta ina. Fentin akirilik yakan bushe a bakin injin fesawa, ko ma ya bushe a iska kafin ya sauka, sai ya bar jiki da kaushi. Maganin da ya yi mini aiki shi ne in tsinka fentin sosai, in ƙara ɗigon ruwan da ke jinkirta bushewa, in rage ƙarfin iska, in matso kusa, in kuma yi aikin da sassafe bayan na yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki. Da na gama kowane shafi sai in kife babbar robar ajiye abinci a kan tankar. Wanda zai yi nasa da damina kuwa matsalarsa ita ce ruwan da ke taruwa a kwampreso ya fantsamo tare da fenti, don haka yana buƙatar matarin ruwa a jikin tiyo. A kowane hali a buɗe taga, a sa takunkumi, a kuma nisanta yara da wurin. Na fara da fentin share fage mai launin toka, wanda ke tona duk wata tsaga da ta ɓuya, na gyara, sannan na fesa launin ƙasa. Tankokin da aka tura Afirka suna da nasu launuka na ƙasashe masu zafi, kuma wannan tanka an yi mata ruwan ƙasa mai rawaya-rawaya mai lamba RAL 8000 a tsarin lambobin launi na Jamus, da faci-faci na toka mai kore-kore mai lamba RAL 7008. Launukan biyu suna kusa da juna ƙwarai, har a tsofaffin hotuna marasa launi da ƙyar ake rarrabe su, saboda haka kada mutum ya ji tsoro idan ya ga bambancin bai fito sosai ba. Bakin ƙafafu na shafa masa toka mai duhu maimakon baƙi wuluk, domin robar da ta sha rana da ƙura ba ta zama baƙa.

Lambobi da alamomi suna zuwa ne a takarda mai sakin hoto idan an jiƙa ta. Kafin in manna su na fesa man ƙyalli a wurin, saboda a kan fenti mai kaushi iska takan maƙale a ƙarƙashinsu ta bar farin gefe. Na tsoma kowace a ruwan ɗumi, na zame ta da buroshi zuwa wurinta, na danne da auduga. Jajayen lambobin 131 suka hau gefen hasumiya, baƙin gicciye mai farin gefe ya hau gefen jiki. Wasu masu wannan aiki sukan shimfiɗa tutar Nazi a bayan tanka, da hujjar cewa sojoji sun riƙa yin haka don jiragensu su gane su daga sama. Ni ban sa ba, kuma ba zan sa ba. Gwamnatin da ta ƙera wannan tanka ta hallaka miliyoyin mutane, masana'antar da ta fito daga ciki ta yi amfani da mutanen da aka tilasta wa aiki, kuma dokar Jamus ta yau ta taƙaita nuna wannan alama a fili. Sha'awata ga ƙirar injin da tarihin yaƙin take, kuma ina son duk wanda ya shigo ɗakina ya fahimci haka ba tare da na yi bayani ba.

Mataki na ƙarshe shi ne tsufar da jiki, kuma a nan ma zaɓin da na yi tun farko ne ya yi mini jagora. An ƙera wannan tanka a watan Fabrairun 1943, aka kama ta a Afrilu, wato ba ta yi wata uku a duniya ba, don haka tsatsa ba ta da wuri a jikinta sai a bututun hayaƙin injin inda zafi ke ƙone fenti. Na tsinka fentin mai ruwan ƙasa mai duhu da tina har ya zama kamar ruwan shayi, na ɗiga a kowane lungu da kewayen kusoshi don su fito, na goge rarar da auduga. Na yi ƴan ƙujewa da guntun soso a bakin ƙofofi da inda takalma ke taka. Ƙura kuwa na yi ta da allin masu zane da na niƙa, na haɗa fari da rawaya da toka, domin jar ƙasarmu ba ta dace da wurin ba. Wani abin da mutane da yawa ke kuskurewa shi ne ɗora tankar a kan tudun yashi saboda sun ji an ce Afirka ta Arewa. Yankin Medjez el Bab na Tunisiya inda aka kama wannan tanka tuddai ne da gonaki, kuma a watan Afrilu akwai ciyawa kore, saboda haka katakon da na ɗora ta a kai na lulluɓe shi da ƙasa mai haske da ƙananan duwatsu da gajeriyar ciyawa da na yi da zaren igiyar rama. Sai bayan duk wannan na manna ƙafafu daga layin ciki zuwa na waje, na zagaya sarƙar, na goga bakin fensir a wuraren da ƙarfe ke gogar ƙarfe, na mayar da shebur da gatari wurarensu, na rufe komai da man da ba ya ƙyalli.

Idan zan ba sabon shiga shawara daga abin da na gani, zan ce ya tara hotunan tankarsa kafin ya buɗe shafin kasuwa, domin su ne za su gaya masa akwatin da zai saya da fentin da zai nema da abin da ba ya buƙata. Da ban tsayar da lamba 131 ba, da na sayi kayan yin Zimmerit da ba su da amfani a wurina. Ya nemi gam da tina a cikin ƙasa tun kafin akwatinsa ya taso daga waje, don su iso tare. Bututun alminiyam da sarƙar ƙarfe ba dole ba ne a aikin farko, abin da ke cikin akwati ya isa a sami samfuri mai kyau, kuma kuɗin ya fi amfani a injin fesa fenti. Kowane shafin fenti a ba shi aƙalla kwana guda ya bushe kafin a ɗora wani, musamman kafin fentin mai. Haka kuma ya tanadi wurin ajiya tun da wuri, domin samfurin da aka yi wa ƙurar alli ba a goge shi da tsumma. Na kai wa mai yankan gilashi awon katakon, na ƙara santimita uku a kowane gefe da biyar a sama, ya haɗa mini murfi, na kuma liƙa siririn soso a ƙasan bakinsa don ƙurar hunturu kada ta sami hanyar shiga.